Wata Takwas Cikin Safa

Buta ce ta tona asirin, 'yar butar roba da Malam Hamisu ya miƙa wa Rabilu da hannunsa ranar da ya kira shi gida don a tsayar da maganar aurensa da Zahara'u.

Shekara biyu aka yi ana kai ruwa rana kafin a kai ga wannan zama. Malam Hamisu manomi ne mai rumbuna a Dungas, mutum mai magana ɗaya, kuma tun farko bai so ɗiyarsa ta auri ɗan kabu-kabu daga Guci ba, maraya wanda ba shi da komai sai moto ɗaya, babur ɗin da yake haya da shi, da tsohuwar uwa. Ga shi kuma Bello, ɗan ƙanwarsa Gwaggo Ɗela, mai sayen wake da gyaɗa a Bande, yana ta zarya da goro da turare. Malam ya ce shi ba zai yi wa Zahara'u dole ba, amma kuma ba zai ba da ita inda ransa bai kwanta ba. Sai da yarinya ta rame ta zama kamar sillen kara, keken ɗinkinta ya yi ƙura, sannan ya sassauto ya ce to, yaron ya zo.

Ya kuwa zo, cikin tsakiyar bazara, sanye da safar hannu da safar ƙafa.

"Kai kuwa sanyi kake ji cikin wannan zafi?" in ji Malam.

"Hannun moto ne ke ƙona ni, Baba," Rabilu ya amsa yana tsugune, kansa a ƙasa.

Zahara'u tana laɓe bayan ƙyauren zaure. Ta san dabarar da yake yi a ko'ina: in an kira salla sai ya ce yana da alwala. To amma ranar, tsakanin zafi da fargabar suruki, bawan Allah ya shanye moɗa uku ta ruwan randa, har sai da ya nemi makewayi a gaban kowa. Yana dawowa aka kira la'asar. Yanzu da wane bakin zai ce yana da alwala?

Ya karɓi butar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zare safar.

Innalillahi! Bayan hannuwan nan biyu sun yi baƙi ƙirin, fata ta yi kauri ta yi gurzan-gurzan kamar ɓawon gawo, tana saɓa, gefe-gefe ƙuraje sun yi mata zobe. Da ya cire ta ƙafa kuwa, abin ya fi muni, daga yatsu har idon sawu.

"Tun yaushe?" Malam ya tambaya, muryarsa a sanyaye.

"Wata takwas, Baba."

Aka yi salla. Ana sallamewa Malam ya shafa addu'a, ya ce, "Ka gaida mutanen Guci." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Kafin magariba Gwaggo Ɗela ta gama zagaye unguwa. Wai ashe kuturu ne, Allah ne ya rufa wa ɗan'uwanta asiri.

* * *

Mako uku ke nan da wannan rana, kuma mako uku ke nan Zahara'u ba ta ci abinci ta ji ɗanɗanonsa ba. Kowa na tausaya mata. Maƙwabta suna shigowa suna cewa, "Sannu Zahara'u, Allah ya tsare ki, mayaudari ya so ya cuce ki." Sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, su kuma su ɗauka kunya ce.

Ina kunya! Ita ta san wanda ya cuci wani.

Da kakar bara ne, ana cikin yankan gero, Rabilu ya nuna mata wani ɗan tabo a bayan hannunsa mai ƙaiƙayi, ya ce gobe zai shiga likita, wato ƙaramin asibitin gari, a duba. Ita ce ta riƙe masa riga. Gwaggo Ɗela a bakin ƙofar likitan Dungas take soya awara, ba wanda zai shiga ko ya fita ba ta ƙirga shi ba. In ta gan shi a layin marasa lafiya, kafin azahar magana ta isa kunnen Malam, a daidai lokacin da ya fara saukowa. Rabilu ya ce to, zai je Magariya. Ta ce Magariya ma ai abokan kabu-kabunsa sun cika tasha, kuma bakinsu ba ya riƙe ko gishiri.

"Ka bari a sa rana tukuna," ta ce da shi. "Ɗan kirci ne. In dai kana sona, Rabilu, ka bari."

In dai kana sona. Da wannan kalmar ta ɗaure shi, shi kuwa ya miƙa wuya.

Ita ta sayo safar. Ita ta tsaya ran kasuwa gaban mai tallar magani da lasifika ta karɓo man shafawa, da ƙwayoyi ja da fari a ƙulle cikin leda, da wani jiƙo mai ɗaci a galan. Tabon ya lafa mako biyu, ta yi murna har da guɗa a ɗaki. Da ya dawo ya ninka, sai ta ninka masa ƙwayar. Sau uku yana ce mata jikinsa ba ƙarfi, abinci ba ya masa daɗi, yana so ya je a duba. Sau uku tana fashe masa da kuka, ya haƙura.

Garin neman gira, ga ido nan zai tafi. Kwana goma bayan ranar buta, Rabilu ya yanke jiki ya faɗi a tashar Guci, aka ɗauke shi sai asibitin Magariya.

Ranar Laraba ta kasa daurewa. Ta ce wa Malam zare da yadi sun ƙare mata, za ta Magariya. Ya dube ta, kallon da ya nuna ya san ba zare ba ne, ya ce, "Ki dawo kafin la'asar sakaliya."

A barandar asibitin ta tarar da Inna Fadi, mahaifiyar Rabilu, tana wanke kwano. Tsohuwar na ganinta ta saki kwanon ta rungume ta.

"Ɗiyata! Na san za ki zo. Na ce masa ko duniya duka ta guje shi, Zahara'u ba za ta guje shi ba."

Zahara'u ba ta san uwa ba, tana goye mahaifiyarta ta rasu. Tun da Rabilu ya fara nemanta, Inna Fadi ce ke aiko mata da man shanu da kuka da daddawa daga Guci, ita ce ta taɓa zuwa ta kwana biyu tana jinyarta lokacin da masassara ta kayar da ita. Wannan rungumar da ta saba jin daɗinta, yau ji ta yi kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji.

"Yaya jikin nasa, Inna?"

"To, da sauƙi za a ce. Zo ki gani da idonki."

Ta shiga. Da ba a nuna mata gadon ba, da ta wuce shi. Rabilu mai kafaɗa, wanda ke ɗaukar buhun gero ya aza a bayan moto shi kaɗai, ya zube ya zama ƙashi da fata. Farin idonsa ya koma ɗorawa, ƙafafu sun kumbura, hannuwan nan suna shimfiɗe bisa zane ba abin da ya rufe su. Ya gan ta, ya yi murmushi, har ya yi yunƙurin tura hannuwan ƙarƙashin mayafi don sabo.

"Bar su," ta ce, hawaye ya ɓalle mata. "Don Allah bar su haka."

Inna Fadi ta zauna a bakin gado ta jawo hannun Zahara'u ta riƙe.

"Albishirinki, ɗiyata. Ba kuturta ba ce. An ɗibi jininsa an yi analiz, likita ya ce hanta ce ke ciwo. Ya ce wannan na fata ba shi ne ciwon ba, ciwon yana can ciki, fatar fitowa ta yi ta ba da labari. Ya ce ba a ɗauka ta gaisawa ko cin abinci kwano ɗaya, kuma akwai maganinsa a Damagaram. Jibi za mu tafi, sun rubuta mana takarda."

"Alhamdu lillahi," in ji Zahara'u, da ƙyar.

"Sai dai fa ya yi faɗa. Wallahi ya yi faɗa kamar zai dake mu. Ya ce da tun fitowar tabon aka zo, da yanzu yaron nan yana kan motonsa. Ya ce jiki ya yi ta kira wata takwas ana toshe masa baki da man shafawa. Kuma wai ƙwayoyin nan da jiƙon da ya yi ta ɗirka su suka ƙarasa hantar, sun same ta tana rauni suka hau ta." Ta juya ta dubi ɗanta. "Na tambaye shi wa ya ba shi, ya ce shi ya saya da kansa. Ni ban yarda ba. Rabilu ko ciwon kai yake ba ya shan ƙwaya sai na yi da gaske. Wani ne ya zuga shi cikin abokan banzan nan nasa. To ko wane ne, Allah ya isa tsakanina da shi. Allah ya isa! Ɗa ɗaya gare ni a duniya."

Tana faɗa tana matse hannun Zahara'u, tana jiran ta ce amin.

Zahara'u ta juya ta dubi Rabilu.

"Inna," Rabilu ya katse da sauri, "je ki karɓo takardar nan wurin majo, babban mai jinyar nan, kafin ya tashi."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi ta fita. Ƙafarta na ɓacewa Zahara'u ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasa, ta kifa kai a ƙarfen gadon.

"Ka ji? Ka ji abin da ta ce? A kaina ta yi shi, Rabilu, hannuna yana cikin nata!"

"Ba da ke take ba. Ba ta sani ba."

"Allah ya sani ai! Ni na hana ka zuwa. Ni na sayo, ni na ƙulla, ni na ce ka sha biyu da safe biyu da yamma kamar wata likita. Ni da ko sunan ƙwayar ban sani ba! Na kashe ka da hannuna ina cewa so ne."

"Ban mutu ba tukuna, Zahara'u, kar ki yi mini wanka da raina." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. "Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. Yau zan faɗa mata."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa.

"Ba za ki faɗa ba."

"Sai na faɗa. Garin Dungas kaf ana kiranka mayaudari, ni ana yi mini sannu. Gwaggo har sadaka ta yi wai Allah ya tsirar da ni daga hannunka. Jiya Bello ya aiko da atamfa turmi biyu, wai na share hawaye. Ni ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba, abincin da nake haɗiya ma tsaya mini yake a wuya."

"Saurare ni." Ya ɗago hannun nan mai saɓa kamar zai dafa kanta, sai ya fasa ya mayar. "Ke kika ce kar in je, gaskiya ne. Amma ni yaro ne? Da ƙafata, da motona. Tsoron da kika ji ni ma na ji shi. Na ga Bello da kantinsa da rigunansa, na dubi hannuna, na ce in Baba ya gani shi ke nan. Ke kika kawo safa, ni na sa."

"Sau uku ka ce za ka je."

"Sau uku kuma na zauna. Raba laifin biyu, ki ba ni rabina."

"Rabinka ya kwantar da kai a nan. Nawa rabin fa, me ya yi mini? Ga ni garau!"

Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne.

"Zahara'u, na san Inna. Tana da sanyi, amma in abu ya taɓa ni ba ta da yafiya. Ƙanen babana ya taɓa marina ina ɗan shekara bakwai, har ya mutu ba ta ƙara cin abincin gidansa ba. Yanzu a duniya mutum ɗaya ya rage da ke son aurenmu, ita ce. In kika faɗa mata, mun rasa ta, mun rasa komai. Sunan mayaudari ba ya kisa, bar ni da shi. In na warke zan je in ba Baba haƙuri har ya gaji ya yafe."

"In kuma ba ka..." Ta toshe bakinta.

"In ban warke ba, to ki bar mata ke. Ta samu wanda za ta riƙa gani tana tunawa da ni ba tare da ɗaci ba. Ki yi mini alkawari."

Ba ta yi alkawarin ba, ba ta kuma ƙi ba, don Inna Fadi ta shigo da takarda a hannu tana haki, fuskarta a washe.

"Na yanke shawara," in ji tsohuwar. "Gobe zan biyo ki Dungas da takardar nan. Ba ni da namijin da zan aika, to ni zan je da kaina gaban Malam. Ya ji da kunnensa ɗana ba kuturu ba ne. Ba zan kai yaron nan Damagaram da karyayyar zuciya ba, likita ya ce ƙarfin rai ma magani ne."

* * *

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Malam Hamisu na zaune bisa buzunsa da carbi. Gwaggo Ɗela, da ta ji labarin baƙuwa, ta bar kaskon awararta a hannun maƙwabciya ta taho, wai ta zo gaida ɗan'uwanta ne. Kai, Gwaggo! Rabon da ta gaida shi da hantsi tun bikin salla.

Takardar da Faransanci aka rubuta ta, kuma duk gidan Zahara'u ce kaɗai ta yi lakwal, makarantar boko. Ita aka miƙa wa. Ta durƙusa nesa kaɗan tana karantawa tana fassarawa. Ba kuturta ba. Ciwon hanta. Abin da ya fito a fata alamarsa ce. An makara wajen zuwa. An sha magunguna barkatai da suka ƙara lalata hantar. Da ta zo nan ta yi ƙasa da murya, sai da Malam ya ce ta maimaita.

"Takarda dai!" Gwaggo Ɗela ta taɓe baki. "Wa ya san wanda ya rubuta? Ni da idona..."

"Ɗela," in ji Malam. Ta yi gum.

Ya ja carbi ya kai ƙarshe, sannan ya dubi baƙuwarsa.

"Fadi, kin taso tun daga Magariya kin bar marar lafiya, kin girmama ni, na gode. Na yarda ba kuturta ba ce. Kuma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba: ko da ita ce, ba ita ta hana ni ba. Ciwo na Allah ne, ni ma da nake zaune ban san da me zan kwana ba. Da yaron nan ya zo ya buɗe mini hannunsa ya ce Baba ga abin da ya same ni, wallahi ni zan sa shi a gaba mu je likita, in ya warke in ba shi."

Inna Fadi ta ɗago kai da sauri, ido ya yi haske.

"Amma bai yi haka ba," Malam ya ci gaba. "Wata takwas yana zuwa ƙofar gidana, yana tsugunawa yana gaishe ni, da safa. Na tambaye shi baki da baki, ya dubi furfurata ya ce hannun moto ne. Da ba don Allah ya kawo salla ba, da na ɗaura wa ɗiyata aure da abin da ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Mutumin da ya ɓoye mini bayan hannunsa, me zai bari a buɗe in ya kai ta ɗaki? Wannan marainiya ce, amana ce uwarta ta bar mini. Ba zan ba da ita ga mai fuska biyu ba. Allah ya ba shi lafiya, amma maganar aure ta mutu."

"Ato!" in ji Gwaggo. "Ga na gida, wanda aka san cikinsa da bayansa."

Zahara'u ta dubi mahaifinta, ta dubi Inna Fadi. In ta yi shiru, Baba ya rufe ƙofa har abada a kan laifin da ba na Rabilu ba. In ta yi magana, Inna. Gaba kura, baya sayaki. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, tana tuna roƙon da ya yi mata jiya.

Sai ta ga abin da ba ta taɓa zato ba. Inna Fadi, tsohuwa mai furfura, ta sauka daga tabarma ta dasa gwiwoyinta biyu a turɓaya gaban Malam.

"Malam, ni na haife shi, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba sai wannan. Ya yi laifi, ban musa ba. Watakila ni ce ban iya tarbiyya ba, na rene shi ba uba, na kasa koya masa abin da namiji ke koya wa ɗansa. To ka ɗora a kaina. Ka dubi maraicinsa. Ka dubi wannan yarinya mai zuciyar zinariya da ya yaudara, amma jiya ta tako har asibiti ta durƙusa tana yi masa kuka. Ni na san ba mu cancance ta ba. Ina roƙonka da girman Allah..."

"Inna, tashi!"

Ihun ya fita ne kafin Zahara'u ta san ta buɗe baki. Ta rarrafa ta riƙe kafaɗun tsohuwar.

"Tashi, don Allah ki tashi, ba ke za ki durƙusa ba. Baba, bai yaudare ni ba. Na sani. Tun ranar da tabon ya fito na sani, ni ya fara nuna wa."

Carbin Malam ya tsaya.

"Washegari ya so ya je likita, ni na hana shi, don kar Gwaggo ta gan shi ta gaya maka. Ya ce zai je Magariya, na hana. Ya ce gara ya zo ya faɗa maka gaskiya, na ce in ya faɗa zan shiga duniya. Safar nan ni na saya masa, ta hannu da ta ƙafa. Maganar hannun moto ma ni na koya masa." Ta juya ga tsohuwar, ta kasa haɗa ido da ita. "Man shafawar, da jiƙon, da ƙwayoyin... Inna, ba abokansa ba ne. Ni ce. Ni na sayo ran kasuwa, ni na ce ya ninka. Sau uku yana roƙona in bar shi ya je a duba shi, ina hana shi da kuka. Jiya ma shi ya ce kar in faɗa, wai ya ɗauki sunan mayaudari ya bar ni da mutuncina. Ni ce, Inna. Ni ce."

Gwaggo Ɗela, mai bakin da ba ya rufuwa, ta dafe ƙirji ta kasa ko salati.

Malam Hamisu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya daɗe yana kallon ɗiyarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Ke nan yaron ya tsaya gabana, na kore shi kamar kare, garin nan ya yi ta zaginsa, bai buɗe baki ya ce ke ce ba?"

"Bai faɗa ba, Baba."

"La ilaha illallahu." Ya share fuska da tafin hannu. "Fadi, ni ke da ban haƙuri, ba ke ba. Na zagi tarbiyyarki, ashe tawa ce ta gaza. Na tsaurara har 'yar cikina ta fi tsorona a kan ran mutum. Wanda ya iya rufa wa ɗiyata asiri yana kan gadon ciwo, ba ni da wanda ya fi shi. Ki shaida, Ɗela ki shaida: ranar da Allah ya tashi kafaɗun Rabilu, na ba shi Zahara'u."

Maganar da Zahara'u ta shekara biyu tana roƙon Allah ta ji, ga ta yau ta fito daga bakin Baba. Ta ɗago idanunta jiƙe ta dubi Inna Fadi.

Tsohuwar ba ta dube ta ba. A hankali ta zare kafaɗunta daga hannun yarinyar, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kakkaɓe turɓayar gwiwarta. Ta ɗauki takardar likita daga kan tabarma, ta ninke ta huɗu, ta ƙulle a gefen zane. Hawayen da take yi ɗazu ya ƙafe ƙaf.

"Malam, na gode. Ka wanke mini ɗana, abin da na zo nema ke nan." Ta gyara mayafi. "Amma ka riƙe ɗiyarka."

"Fadi..."

"Inna!" Zahara'u ta faɗi ta rungume ƙafafunta. "Inna ki dake ni, ki tsine mini, ki yi mini duk abin da kika ga dama, kar dai ki ce haka. Wallahi sonsa ne ya sa, tsoron rasa shi ne!"

"Na sani," in ji tsohuwar, murya ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba tsawa. "Ni ma ina sonsa. Shekara ashirin da takwas ina sonsa, ban taɓa hana shi magani ba. Sake mini ƙafa."

Hannuwan Zahara'u suka saki da kansu.

Inna Fadi ta taka har bakin zaure, sannan ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Gobe da hantsi za mu shiga motar Damagaram. Kar in gan ki a tasha. In ya tashi, shi namiji ne, sai ya zaɓa tsakanina da ke. In kuwa bai tashi ba..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta sa takalmanta ta fita.